Tulin Duwatsu Arba'in da Uku a Hanyar Al-Kasr

Alhamis: Daga Abbasiya zuwa Farafra

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba muka sauko daga hawa na biyar na gidan da muke haya a Abbasiya, ni da Sagir, abokina ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya shekara huɗu ke nan. Sanyin Fabrairu na Alƙahira yana shiga har ƙashi, amma ni zufa nake yi. Na sa farar jallabiyata mai karin guga, na fesa turare, Sagir kuwa tun a matakala yake tambayata ko na manta cewa hamada za mu.

Bari in faɗa muku dalilin tafiyar tun da wuri, kada ku ɗauka yawon buɗe ido ne ya kama ɗaliban Shari'a. Akwai wani dattijo, Baba Usman, Bahaushen Sudan, tela a kasuwar Ataba, gidansa a unguwar Arba wa Nus. Yana da 'ya, sunanta Samira. Wata bakwai ina zarya a gidan nan, kuma duk ranar da na ɗauko maganar aure sai Baba ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai taɓa yin tafiya da shi ba. Na ɗauka kora ce cikin mutunci, ashe da gaske yake. Likita ya ɗora shi a kan tafiyar ƙasa saboda ciwon suga, don haka duk hutun sanyi yakan je wajen wani abokinsa a yankin Dakhla su taka tuddai. Bana ya ce in biyo shi, in taho da aboki ɗaya, in mun dawo zai ba ni amsa. Tun daga ranar ban ƙara fahimtar komai a aji ba.

Motar wani direba, Usɗa Gamal, muka shiga, wata ƙaramar bas da yake kai dilolin yadi daga Ataba zuwa garuruwan hamada. Baba yana gaba, da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya waiwayo ya dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam Habibu, da wannan farar rigar za ka hau dutse?"

"Baba, akwai wata a jaka."

"Ita ma fara ce," in ji Sagir.

Mun yi sallar Asuba ƙarfe biyar da minti ashirin da biyar a wani gidan mai a bakin birnin Sitta Oktoba. Daga nan gidaje suka ƙare, sai kwalta miƙaƙƙiya da layin dogo a gefenta. A rabin hanya muka tsaya wani shagon shayi, kofi fam goma sha biyar, burodi da wake fam ashirin. Na yi tsalle zan biya, Baba ya ɗaga sanda ya tare ni, ya ce in adana ƙarfina.

A shingen bincike na farko wani jami'i ya karɓi fasfo ɗinmu, ya duba takardar zama, ya tambayi abin da za mu yi a Dakhla. Na ce tafiyar ƙasa. Ya sake kallon fasfon, ya kalle ni.

"Wato kun shiga mota kilomita ɗari takwas don ku sauka ku yi tafiya da ƙafa?"

"Haka ne, ya basha, ranka ya daɗe."

Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya, suka ce Allah ya ba mu lafiya.

Mun isa Bawiti ƙarfe goma da minti arba'in, kimanin kilomita ɗari uku da saba'in daga Alƙahira. Aka sauke dila huɗu, muka ci shinkafa da miyar molohiya, wadda ba ta da bambanci da lalo in ban da tafarnuwa da suke cikawa. Bayan Bawiti ƙasa ta yi baƙi, can kuma ta rikiɗe ta yi fari fat, ga wasu duwatsun alli tsaye ɗaya-ɗaya, kan kowanne kamar curin fura. Sagir ya maƙale a taga yana salati. Ni ƙeyar Baba nake kallo, ina lissafin ko murmushin da ya yi a shinge nawa ne ko na jami'in. Ƙarfe uku da rabi muka shiga Farafra, muka kama ɗaki mai gado uku, fam ɗari shida.

Juma'a: Tsohon gari a kan tudu

Mun bar Farafra ƙarfe shida da kwata, muka ci kusan kilomita ɗari biyu da tamanin. Wajen goma da rabi sai ga wani dogon bangon dutse ja-ja ya tokare arewa, a gindinsa korayen gonaki, a tsakiya kuma wani tudu da gidajen laka suka hau kansa suna rige-rigen tsawo. Al-Kasr ke nan.

Mai masaukinmu Am Ramadan ne, abokin nan na Baba, manomin dabino, gajere, wuyansa duk jijiya. Suka rungume juna da Baba har na ɗauka ba za su saki ba. Da aka gabatar da ni sai ya riƙe hannuna ya ce wa Baba, "Shi ne?" Baba ya ce, "Ana dubawa." Na sunkuyar da kai ina murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

Bayan an sauko daga Juma'a Am Ramadan ya zagaya da mu tsohon garin, wanda aka ce ya yi ɗaruruwan shekaru, yanzu kusan babu mai kwana a cikinsa. Lunguna ne ƙanana masu rufi, in ka shiga sai sanyi ya rufe ka, ga gidajen laka hawa uku, hawa huɗu. A saman kowace ƙofa akwai katako da aka sassaƙa aya da sunan maigida da na masassaƙin. Mun ga dutsen matsar man zaitun, mun ga maƙera, mun ga hasumiyar laka da itatuwa suka fito daga jikinta. Sagir ya rantse cewa magina daga Zariya aka ɗauko, ya ce ga irin zauren kakansa nan sak. Ni kuwa duk katakon da muka zo sai na karanta rubutun da ƙarfi, da tajwidi, don Baba ya san ba zaman banza nake yi a Masar ba. A ƙofa ta tara Baba ya ce, "Khalas, ya isa haka, ya Malam, mun yarda ka iya karatu."

Asabar: Tuddai

Hanyar da za mu bi kilomita tara ce, daga gari ta ratsa gonaki, ta hau tuddai, ta faɗa wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. An shirya Am Ramadan zai zaga ta hanyar gona da amalanken jakinsa ya kawo mana abincin rana a can. Kafin mu tashi ya tsuguna a ƙofar gida yana zana wa Baba hanya a ƙasa, yana bayani. Sagir yana banɗaki. Ni ina saman rufi ina farautar sabis, saboda Samira ta turo saƙo cewa in kula mata da babanta. Na karanta saƙon nan ya fi sau goma, na sauko an riga an share zanen.

Ƙarfe shida da minti arba'in muka ɗau hanya. Na ƙwace jakar Baba da ƙarfin tsiya na rataya, wadda ruwansa da dabinonsa suke ciki, na bar masa 'yar gora ɗaya a hannu. Kilomita ukun farko cikin gonaki ne: dabino, zaitun, harawar da suke kira barsim kore shar, ruwa yana gudu a ƙananan magudanai, balbelu suna bin shanu. Ban ga rabin wannan ba sai a hotunan Sagir, don ina manne da bayan Baba, in ya ɗaga ƙafa in ce sannu, in ya sauke in ce sannu. Da muka zo ƙarshen gonaki ya tsaya.

"Habibu, numfashinka a ƙeyata ya hana ni zikiri. Ku yi gaba, hanya a bayyane take, ku jira ni a bakin ruwa."

Muka yi gaba. Tuddan nan ba su da tsawo, hawa ne da gangara, hawa da gangara, duk tsakuwa ce mai tauri launin ƙasa-ƙasa. Daga kan na farko muka waiwaya muka ga Al-Kasr zaune a kan tudunta, hasumiya a tsakiya, gonaki sun kewaye ta. Iska mai sanyi tana kaɗa mu, zuciyata fes, na ji kamar in yi gudu.

A nan na ga tulin farko. Faffaɗan duwatsu huɗu ne aka ɗora kan juna a tsakiyar hanya, tsawonsu ya kusa gwiwa. Na tuna gwiwar Baba, na tuna idonsa da ba ya gani sosai, na tuna kunama da ke son irin wannan maɓoya. Sannan na tuna abin da aka koya mana tun muna 'yan yara, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Na naɗe hannun riga na yi bismillah, na ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya na wurga su can gangare, nesa, don kada marasa aikin yin da suka tara su su sake samu.

"Kai kaɗai za ka kwashe ladan?" in ji Sagir. Ya nuna gaba. "Ga wani can."

Abin mamaki, daga kowane tuli kana hango na gaba. Sai abin ya zama tsere. Na tattare jallabiya a ƙugu, Sagir ya cire hula ya cusa a aljihu, muka dinga gudu daga tudu zuwa tudu muna haki muna dariya, wanda ya riga isa shi ke da lada. Muna wurgi muna ƙirgawa da ƙarfi, muna tsine wa rashin tarbiyyar mutanen da za su cika hanyar bayin Allah da duwatsu. Har jawabi na yi wa Sagir a kan wani tudu game da yadda al'umma ta bar ƙananan ayyukan alheri. Ƙarfe goma da minti biyar muka faɗa bakin ruwa, tuli arba'in da uku sun bi iska, ashirin da bakwai nawa, goma sha shida nasa.

Muka tsoma ƙafafu a ruwan ɗumi. Na shirya da Sagir cewa ni ba zan ce komai ba, shi zai ambata a cikin hira kamar ba da niyya ba, ni kuma in ce ai ba wani abu ba ne. Mun gwada sau biyu don muryarsa ta daidaita.

Sha ɗaya ta yi, ba Baba. Sha ɗaya da rabi, shiru. Wayoyinmu ba sabis. Sha biyu da minti goma Am Ramadan ya iso da jakinsa da tukunya a amalanke, ya duba hagu da dama.

"Ina Usman?"

"Yana tafe a hankali," na ce. Daga nan bakina ya kasa jiran Sagir. "Ba zai sha wahala ba, ya Am Ramadan, mun share masa hanya. Duk duwatsun nan da aka tara mun zubar."

Ya saki linzamin jakin. Ya tambaye ni nawa, na faɗa masa. Sai ya yi magana a hankali, kalma-kalma, don kada ko ɗaya ta wuce ni. Ya ce duwatsun nan su ne hanyar. Shi ya ɗora su da hannunsa, shekara da shekaru, kowanne a inda za a hango na gaba. In babu su tuddan nan duk kamarsu ɗaya, tsakuwar ba ta riƙe sawu, kuma kwaruruka uku ne suke buɗewa ta arewa, babu ɗigon ruwa a ko ɗaya. Sannan ya dubi kafaɗata.

"Wannan ba jakar Usman ba ce?"

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Dattijo mai ciwon suga, rana ta take, dabinon da zai tashe shi in sugansa ya faɗi yana rataye a jikina. Maganar aure ma ta fita daga kaina, abin da nake gani kawai fuskar Samira in na koma ba tare da babanta ba.

Am Ramadan ya kwance jakin daga amalanke, muka koma cikin tuddai, shi a gaba. Wuraren da muka yi tsere ɗazu yanzu ban gane ko ɗaya ba. Muna kira, dutse yana mayar mana da muryarmu. Sagir ya matso kusa da ni.

"In an same shi, ka bar ni in ce ni ne. Ni ba aure nake nema ba."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta zauna mini a rai.

Ƙarfe biyu saura minti goma Am Ramadan ya tsaya cak a bakin wani kwari. Ƙananan duwatsu biyu ne, ɗaya kan ɗaya. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne. Can gaba ga wasu biyun, gaba kuma wasu. Ashe da Baba ya gane ya ɓata, sai ya dinga ajiye mana alama duk inda ya bi. Muka bi su har goma sha huɗu. Ƙarfe biyu da minti talatin da biyar muka same shi a inuwar wani dutse, ya jingina, rawani a fuska, gorar ba komai, hannuwansa suna rawa, gumi ya jiƙa masa riga.

Na zube a gabansa na buɗe jakar. Am Ramadan ya ɓare dabino yana sa masa a baki, ya jiƙa sukari a ruwa ya ba shi. Muka jira kusan minti goma sha biyar. Sannan Baba ya buɗe ido sosai ya gyara zama.

"Wa ya kwashe hanyar?"

"Ni ne, Baba," in ji Sagir da sauri.

Baba bai ko dube shi ba, ni yake kallo.

"Baba, rufa mini asiri yake yi. Ni na fara, ni na ja shi. Ashirin da bakwai nawa ne."

"Har ƙirgawa kuka yi?"

"Lada muke ƙirgawa, Baba."

Am Ramadan ya nemi a fassara masa. Da Sagir ya fassara, sai mutumin nan ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki, yana dariya yana share hawaye, yana cewa a duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya ɓatar da surukinsa don neman aljanna ba. Sagir ma ya kasa riƙewa. Baba bai yi dariya ba. Muka ɗora shi a kan jaki, muka isa gida ana kiran La'asar.

Lahadi: Biyan bashin duwatsu

Ba wanda ya ce in yi. Bayan sallar Asuba na sami Am Ramadan na ce ya nuna mini wuraren. Ƙarfe shida muka fita mu uku, muka bar Baba yana hutawa. A ranar na san ƙarfin hannuna, don kowane dutse sai na gangara can ƙasa na ɗauko shi daga inda na wurga shi jiya da fahariya. Am Ramadan yana tsaye a sama yana nuni da sanda. In na ɗora, sai ya sa in tsuguna daidai tsawon gajeren mutum in duba ko ina hango na baya, in ban hango ba a rushe a matsar. Sagir yana ta mita cewa shi goma sha shida kawai ake binsa, amma bai tafi ba. Ƙarfe huɗu da kwata muka ɗora na arba'in da uku, tafin hannuna duk ya sale.

Da yamma aka kawo agwagwa da shinkafa. Baba ya ci, ya yi hira da kowa, ya tambayi Sagir labarin Zariya. Ni dai ya miƙo mini gishiri sau ɗaya.

Litinin: Komawa

Usɗa Gamal ya zo ƙarfe huɗu da minti arba'in, motar cike da kwalayen dabino. Am Ramadan ya rungume ni ya ce in dawo baɗi, amma hannuwana a aljihu. A yini ɗaya muka yanki hanyar, Farafra ƙarfe tara, Bawiti sha biyu da rabi. A shinge muka tarar da jami'in nan, ya tambaya ko mun sami tafiyar ƙasar da muka je nema, Sagir ya ce har da ƙari. Baba yana gaba yana jan carbi, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Tun daga Bawiti na fara shirya yadda zan gaya wa Samira cewa na gode da komai, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Ƙarfe bakwai saura minti goma muka tsaya a bakin lungunsu a Arba wa Nus. Na ɗauki jakarsa na bi shi har ƙofar bene. Ya tsaya ya juyo.

"Ba ni jakata."

Na miƙa masa da hannu biyu.

"Na yi awa biyu a gindin dutsen nan ina tunaninka," in ji shi. "Awar farko, gaskiya, ba addu'a nake yi maka ba. A ta biyu na ce, yaron nan wauta ce ta yi masa yawa, amma don gwiwata ya sunkuya. Da kuka zo kuma aka miƙo maka mafita, ka ƙi karɓa. Sauran gyaran da ya rage Samira za ta iya. Ka ce wa mahaifinka ya kira ni ranar Juma'a bayan La'asar."

Na durƙusa a nan kan titi, mai tuk-tuk, adaidaita-sahun can, yana ta yi mini oda. Baba ya taka matakala biyu, ya sake juyowa.

"Kuma Habibu, in ka shiga gidanka ka ga ta ajiye abu a inda bai yi maka ba, ka tambaye ta kafin ka nemi lada."

Mun isa Abbasiya ƙarfe takwas da minti biyar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu mu uku cif. Ina gode wa Am Ramadan da ya yafe mini aikin shekaru, da Usɗa Gamal, da Sagir da ya yarda ya ɗauki laifina a kansa. Ban cire takalmi ba na kira gida. Innata ce ta ɗauka, na buɗe baki zan yi bayani sai kuka ya riga ni. Ta rikice tana tambaya wa ya rasu.

"Ba kowa, Inna, kowa lafiya. Ki ba Abba wayar."